Silifas ɗin Gaban Firji

A gidanmu ba a buɗe firji ba takalmi. Akwai silifas na roba a gabansa, duk mai son ruwan sanyi sai ya zura su, in ba haka ba wuta ta ja shi. In Umma na guga, ba mai taɓa famfon banɗaki. Makunnin falo kuwa da cokalin katako ake danna shi. Baba yana kiran wannan sanin halin gida.

Yaya ce ta ɓata mana tsari. Ɗanta ya fara rarrafe, ta aiko cewa ba zai zo gidan ba sai an duba wayoyin wuta. Baba ya yi faɗa har ya gaji, wai ita a gidan wa ta yi nata rarrafen? Amma kewar jikansa ta ci ƙarfinsa, ya kira mai gyaran wuta.

Baba ya ɗauki abin kamar jarrabawa. Ya ɓoye silifas, ya mai da cokali kicin, ya ja mana kunne kada mu tona wa gida asiri.

Mai gyara ya tambayi Baba yaushe rabon da a duba wayoyin. Baba ya ce tunda aka gina gidan shekara ashirin da takwas bai taɓa ko ciwon kai ba. Mutumin ya ce shi dai shawararsa, gidan mutum na kansa a duba duk shekara goma, na haya duk biyar.

"Ashe sau biyu kacal muka tsallake," in ji Baba.

Can sai mutumin ya nemi ruwa. Muka kalli juna. Baba ya je da kansa, ba takalmi, ya kama murfin firji. Ban san yana iya tsalle haka ba. Ya dawo da gora yana yarfe hannu, wai sanyinta ne.

Mai gyara bai yi dariya ba. Ya roƙi Baba ya durƙusa ya dubi falon daga inda yaro ke gani. Baba ya durƙusa yana gunaguni. A bayan kujerarsa, daidai bakin mai rarrafe, ga waya ɓera ya cinye robarta. Ya daɗe a wurin, har ya ba ni tausayi.

"Za ka iya zuwa duk wata?" Baba ya tambaya a hankali.

Kwana uku aka yi ana aiki. Ranar da Yaya ta zo, yaron ya rarrafa kai tsaye zuwa firji, ya dafa shi da hannu biyu ya miƙe. Lafiya lau. Baba dai ya riga ya taso a guje, da silifas a hannu.