Liƙin da Radojka Ta Yi

Sunana Vlastimir. Shekara ashirin da bakwai na yi a ɗakin awo na wata masana'antar kayan rediyo a nan birnin Nish, kafin a rufe ta. Yanzu a gida nake gyara, a ɗakin da ɗana ya bari da ya koma Jamus. Tun rasuwar matata, in ba mai kawo gyara ba, ba wanda ke hawo mini bene.

Cikin watan Satumba wani mai ƙaramin gidan rediyo daga garin Pirot ya kawo mini na'urar gwaji, irin wadda ke fitar da sigina a kan mitar da ka zaɓa, don a daidaita sauran kayan aiki da ita. Ya ce in an kunna ta lafiya lau take, amma da ta yi rabin awa sai mitar ta fara zamewa, daga nan siginar ta ɗauke gaba ɗaya.

Na kunna ta, na dafa kofi, na zauna ina kallon allurar da ke nuna mitar. Bayan minti talatin da biyar ta fara rawa. Na kwance murfin, na ɗauko abin busar da gashi ina hura wa sassan zafi ɗaya bayan ɗaya, sannan in dangwala musu auduga mai sanyi in ga ko allurar za ta dawo. Kwana biyu ina wannan fama, ban gano komai ba. A rana ta uku na juya allon ciki da sassan ke liƙe a kai, sai na ga an taɓa gyara shi. An ɗaure wayoyin da zare mai kaki, ƙulli biyu sannan ɗaya. Mutum guda na sani mai irin wannan ɗauri, ita ce Radojka.

Shekara goma sha tara teburinta na jikin nawa a masana'antar. Duk ɗakin babu mai hannunta. In ta liƙa waya da dalma, liƙin ƙarami ne, sumul, yana ƙyalli. Da aka fara rage ma'aikata ita aka sallama, ni aka bar ni shekara biyu. Kunya ta hana ni zuwa yi mata ban kwana, daga baya kuma kunyar rashin zuwan ta ƙara hana ni.

Amma wannan liƙin dunƙule-dunƙule ne, ƙarfen liƙin ma ya ƙona allon wuri uku. Na kira mai na'urar, ya ce wata dattijuwa ce a garinsu ta duba ta bara, da ya zo ɗauka ta ce kada ya sake kawo mata komai.

Ranar Asabar na hau bas zuwa Pirot, na bi kwatancen da ya yi mini. Na same ta a tsakar gida tana gasa jan tattasai da hannun hagu, na daman yana karkarwa a kan cinyarta. Ta daɗe tana kallona.

"Vlasta, ashe kana nan? Ka yi tumbi. Zauna mana, ka tsaya mini a ka kamar mai karanta mitar lantarki."

Na gaya mata matata ta rasu. Ta ce ta ji tun lokacin, har ta rubuta mini wasiƙa, ba ta dai aika ba. Sai na kawo maganar na'urar.

"Ka ga ƙazantar da na yi ke nan," in ji ta. "Kada ka ɓata lokacinka a kanta, liƙin ya yi muni amma yana riƙe. Ka cire ɗan akwatin ƙarfen da ke kusurwar hagu, ka duba ƙarƙashinsa. Allon ne ya tsage. Na san inda ciwon yake, hannun ne ya ƙi zuwa."

Na yini ina ɓare mata tattasai, tana faɗa mini wai ina barin fata. Ta lissafo mini 'yan ɗakinmu, su wa suka mutu, su wa suka bar ƙasa. Cikin mu goma sha ɗaya, uku muka rage. Da na tashi tafiya ta ce 'yarta za ta zo ta ɗauke ta zuwa garin Maribor a ƙasar waje kafin sanyi ya shigo. Ta cika mini kwalba biyu da tattasan, ba ta rako ni ƙofa ba.

Washegari na cire akwatin, na sa madubin ƙara girma. Ga tsagar nan, ba ta kai kaurin gashi ba; in allon ya ɗumama sai ta buɗe ta yanke hanyar wuta. Na kankare wurin, na ɗora siririyar waya na liƙe. Awa bakwai na bar na'urar a kunne, allurar ba ta motsa ba. Liƙinta kuwa ban taɓa ko ɗaya ba.

Na kira ta na faɗa mata. Ta yi dariya ta ce da ma kullum sai an nuna mini, sannan ta ce hannunta ya gaji da riƙe wayar.

Ƙarshen Oktoba na sake kira. Wani mutum ne ya ɗauka, ya ce su suka shigo gidan satin jiya, bai san lambarta ta can ba. Na ba shi haƙuri, na ajiye wayar, na sauka ƙasa sayen burodi.