Hannun Wanzam Mustafa da Ruwan Zogale

Shekara arba'in da ɗaya Wanzam Mustafa yana askin suna a Unguwar Kanawa, kamar yadda mahaifinsa ya yi kafin shi, kuma ba a taɓa jin ya zubar da jinin jariri ba. Da aka haifa wa ɗansa Kabiru ɗa namiji, bai ga dalilin da wani zai riƙe askar ba shi ba, ko da yake shekara uku ke nan hannunsa na dama yana karkarwa. A asibiti sun ce wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa ne ke mutuwa a hankali, suka ɗora shi kan magani sau uku a yini.

Kwana biyu kafin sunan, Nafisat, 'yar ƙanensa mai binciken magunguna a jami'a, ta zo gaishe shi. Ta same shi a zaure, kofi na kaɗawa a hannunsa, koren ruwa na zuba a kan rigarsa.

"Baffa, mene ne wannan?"

"Maganinki ne, Dakta. Ba ke kika ce zogale yana kare ƙwaƙwalwa ba?"

"Ƙwaƙwalwar ɓera na ce, Baffa! Shi ma wani sinadari ne muke tacewa daga ganyen, mu auna. Ɓerayen da muka ba, lalacewar ta ragu musu, amma ba mu gwada a kan mutum ba. Ina ƙwayoyin asibitin?"

Ya gyara zama. "Na ajiye su tun ranar haihuwar. Mahaifina bai taɓa haɗa wa mutum magani biyu ba. Sai a ɗaga ɗaya, a ba ɗayan fili, don a san wanda ya yi aiki."

Nafisat ta yi salati. Ta shaida masa cewa yanke irin wannan magani farat ɗaya yana iya kwantar da mutum. Nan take ta kira likitansa a waya, aka tsara yadda zai koma sha.

"To ki ba ni tataccen naku, in na ganye bai isa ba."

"Ko ya tabbata, rage saurin cutar zai yi, ba tsayar da hannu jibi ba. Sai dai in za ka shiga keji tare da ɓerayen."

"Ja'ira," in ji shi, amma ya haɗiye ƙwayar.

Ranar suna da hantsi hannun ya lafa, sai dai babban yatsa bai daina motsi ba. Wanzam Mustafa ya sa aka kawo masa ɗanyen duma, irin wanda ake koyon aski a kansa. Ya wasa aska, ya ja sau ɗaya, fes. Ya ja na biyu. A na uku, bakin askar ya nutse cikin fatar duman.

Ya daɗe yana duban tsagar. Sannan ya aika a kira Wanzam Abdullahi na Hayin Banki, wanda suka shekara ashirin suna takarar gidajen suna. Da ya iso, Mustafa ya miƙa masa askarsa, shi kuma ya karɓi jaririn ya kwantar a cinyarsa, ya tallafi kan da hannun hagu.

"Daga goshi muke farawa a gidan nan," in ji Mustafa. "Kuma ina kallonka."