Rediyon Motar Elhaji Almu

Kusa ta huɗu ta akwatin rediyon ta ƙi fita. Na'Allah ya danna turnabis da ƙarfinsa, ya murɗa, kan kusar ya goge. Yana kwance rigingine ƙarƙashin sitiyari, gumi na gangara masa cikin kunne.

Shi ne shofer ɗin Elhaji Almu mai fataucin hatsi, kuma a Dakoro ta shekarun nan, da aka samu mulkin kai, motar da ke da rediyo ba ta wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Da hantsin nan mahaifiyarsa Uwale ta cika a gidan likita. Tun tana iya magana ta roƙi a kai ta Adjekoria, a sa ta kusa da mijinta. Elhaji ya ba da motar ba musu. An yi mata wanka, an yi sutura, tana kwance cikin tabarma a inuwar zaure, ana jiran mota.

To, ga inda matsalar take. Tun damina maɓallin rediyon ya karye. Na'Allah, da yake mutum ne mai son kiɗa a hanya, sai ya haɗa wayarsa da wayar makullin mota, ya naɗe da ƙyalle. Ka tada mota, rediyo ya tashi. Ka kashe, ya yi shiru. Har yabon dabarar aka yi masa a tasha. Yau kuwa wa zai ɗauki gawa goge na tashi?

Kawunsu Mainassara ya leƙo ta taga.

"Ɗana, rana tana yi. Gawa ba ta jira."

"Saura kaɗan, Kawu."

"Tun ɗazu kake faɗin saura kaɗan. Ina Samba makanike?"

"Ya tafi kasuwar Sabon Maci."

Ya sa ƙarfen taya ya ɓanɓare akwatin, kusar ta tsinke, rediyon ya faɗo masa a ƙirji, wayoyi na reto. Uku ne, duk baƙaƙe, don daga dunƙule ɗaya ya yanko su wancan lokaci. Ya dube su, ya kasa tuna wacce ce wacce. Ya yi bisimilla ya yanke guda.

Ya murɗa makulli. Mota ko tari ba ta yi ba.

Ya mayar, ya yanke ta biyu. Nan ma shiru, sai ɗan hayaƙi da warin ƙonewa. Bai taɓa ta uku ba, kada motar ta mutu gaba ɗaya. Ya murɗe wayoyin yadda suke da, ya sake gwadawa. Inji ya ɗauka, jim kaɗan muryar zabiya ta cika ƙofar gidan, kalangu na bin ta. Masu zaman makoki suka sunkuyar da kai. Ya kashe da sauri.

Mainassara ya ce, "A nemo amalanke."

"Ba za ta kai yau ba, Kawu. Ka ga zafin nan."

"To a binne ta nan. Ƙasa duk ta Allah ce."

Na'Allah ya zauna bakin ƙofar mota da rediyon a cinya. Shi ya riƙe wa Uwale hannu jiya da ta yi roƙon, shi ya ce mata to.

Yayarsa Saratu ta fito daga cikin gida, idanunta a kumbure. Ba ta tambayi kowa ba. Ta koma, ta dawo da zannuwa uku da bargon saƙi.

"Ba ni shi nan."

"Yaya, wayar gajera ce."

"Ta kai kujerar gaba?"

"Ta kai."

Ta naɗe akwatin zane bisa zane, ta rufa bargo, ta shiga ta zauna, ta rungume shi a ciki ta duƙa a kansa.

"Tada."

Ya tada. Mainassara ya tsaya bayan mota, ya karkata kunne, ya daɗe yana saurare. Ƙarar inji kawai yake ji. Ya ɗaga hannu, maza suka ɗauko tabarmar.

Suka bar gari, suka shiga rairayi. A baya ana ta salati. A gaba kuwa, su biyu kaɗai ke jin waƙar, can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya. Na'Allah bai dubi yayarsa ba, ita ma ba ta ɗago ba.

Sun yi nisa kafin ta yi magana.

"Yana ɗumi," in ji ta.

"Haka yake yi in ya daɗe. In tsaya ki huta?"

Ta girgiza kai, ta ƙara matse shi a jikinta.