Inda Fada Ya Jefa Gicciye Bana

A ƙauyenmu, duk ranar bikin Yordan, bikin sa wa ruwa albarka da ake yi a tsakiyar hunturu, limamin cocinmu Fada Haralampi kan tsaya a kan gada ya jefa gicciyen katako cikin kogi. Maza su faɗa su ɗauko shi, mata kuma su cika kwalabe da ruwan da ya sami albarka. Shi ake ɗiga wa jarirai a baki, shi ake ba marar lafiya har shekara ta zagayo.

Ɗiyata Rumyana aikinta auna ruwan kogunan da ke kusa da ramukan haƙar tagulla. Kowane wata takan zo da dogayen takalman roba, ta ɗebi ruwa da laka a ƙarƙashin gadar, ta kai birni a gwada. Bana ta ce mini tun ruwan saman da aka tafka da kaka, rafin da ke gangarowa daga wani tsohon ramin tagulla yana zubo wa kogin dalma, fiye da abin da jikin yaro zai ɗauka. A ido kuwa ruwan garau yake. Amma sama da mahaɗar rafin, wajen tsohon injin niƙa, ta ce lafiya lau.

Ta je ta faɗa wa Fada. Ya ce shi bai ƙi ta tata ba, sai dai tun kakanni daga gadar nan ake jefawa, in ya canja wuri maza ba za su bar shi ya sha ruwa ba. A mashaya kuma Gencho mahauci, wanda ya fi kowa yawan ɗauko gicciyen, ya dube ni ya ce, "Stoycho, ka sayar da gona ka kai ta jami'a, ga shi ta dawo tana tsoron ruwa."

Ni ban yi nisa a makaranta ba, amma na tsufa ina dillancin dawaki, na san yadda ake juya mai taurin kai. Na sa aka ƙara masa kofi, na ce ai gaskiyarsa ne, gara a zauna a gada. Ruwan wajen injin zurfi gare shi, sanyinsa har ƙashi yake shiga, na samari ne, ba na mai tumbi irin nasa ba. Na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Washegari Gencho da ƙafarsa ya je gidan Fada, ya ce in ba wajen injin ba, shi ba zai tuɓe riga ba.

Ranar bikin duk gari ya haura can cikin ƙanƙara. Fada ya ɗaga gicciye, sai ya dakata, ya laluba taron da ido.

"Rumyana, nan ya yi?"

"Ya yi, Fada. A makon nan ma na sake aunawa."

Ya jefa. Maza suka faɗa ruwa. Gencho ya fito haƙoransa na kaɗawa, hannu wayam, don wani ya riga shi. Matarsa ko ta kansa ba ta bi ba. Ta kama hannun Rumyana ta ce ta zo ta nuna mata daidai inda za ta ɗiba, tana da jika ɗan wata biyu a gida. Sauran matan suka bi bayansu da kwalabensu, ni kuma na matsa gefe na ba su hanya.