Na'urar Ta Manta da Inna

...don Allah, don Annabi, duk wanda maganar nan ta faɗo masa a waya, kada ya faɗi sunana. In kun gane muryar ku yi kamar ba ku gane ba. Gashuwa ba ta da girma.

Jan ɗigon yana ƙyaftawa, to na'urar tana ɗauka ke nan. Maɓallin gefen nan, shi kaɗai na iya. Shi da tsinken da ake taɓa gilashin da shi. Yaya Munzali ya ce ba waya ba ce, wai kwamfuta ce ta aljihu, ubangidansa Alhaji Jumare ya kawo masa tsaraba. A ciki yake zuba sunayen masu kifin Dagona, lambobin direbobi, ranar lodi, har kiran salla take masa. Ya tsuguna ƙofar gida yana caccaka ta kamar mai cire ƙaya...

Waɗannan duk zai sake zubawa. Ba su ba ne.

Inna ce.

Bara da damina, tana kwance a tabarma gindin darbejiya, jikin ya ƙi. Yaya ya ajiye mata na'urar kusa da matashi. Ta yi waƙar nan ta yaren Badanci, ta kakarta, ta masu tuƙa kwalekwale. Numfashi na yankewa tana yi. Sai ta buɗe ido ta ga abin a gabanta, ta ce, "Munzali, ɗauke min wannan abin naka daga fuska." Ta yi dariya.

Munzali. Da bakinta.

Ɗan fari ne fa. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. Wancan. Mai babur. Ke, ce wa yayanki tuwonsa na hucewa. Ko kallonsa sai ta gefen ido, kunya. Sau ɗaya tak a duniya, kuma na'urar ta kama. Kafin a yanke shinkafa aka kai Inna makwancinta.

Ina ganinsa ta bayan labule in ya idar da salla. Ba ya jin waƙar. Tsinken yake sawa ya ja baya, nan wurin kawai. Ya ja baya. Ya sake ja.

Da zai bi motar kifi Legas ya miƙo min. "Ke, riƙe min, hanyar akwai 'yan fashi. Kafin koren nan ya koma ja ki kai wa Mudi caji. Ba irin wayar Gwaggo ba ce. In ta mutu murus, ta manta komai." Na ce to. Na ce to fa! Da kunnena na ji.

Na kai ai. Na kai sau ɗaya.

Rumfar Mudi, janareto na ihu, wayoyi reras a tebur, samari cike da benci. Kunna naka. Na gan ka. Karɓa mana, mugu! Babu igiya, babu komai, waƙa na tashi daga aljihun wannan ta faɗa na wancan. Bulutut. Mudi ya jujjuya na'urar Yaya ya ce, "Ƙanwar Munzali, wannan taku ai sarauniya ce, ga ta har tana gaisawa da wayoyin mutane. Bari in tura abin da ke cikinta a tawa, saboda tsautsayi."

Saboda tsautsayi. Haka ya ce.

Na fizge har igiyar ta cire. Aka yi min dariya, wani ya ce a bar ta da kayan gadonta. To me zan yi? Inna da muryarta ba ta taɓa wuce zaure ba. Mai ruwa in ya shigo da garwa, raɗa take komawa. Ita ce za ta shiga aljihun 'yan acaɓa? Na ga yadda suka yi da tsohuwar nan mai daddawa da ta yi faɗa a kasuwa, zaginta ya zama ƙarar waya, duk garin nan, har Nguru aka ce. Inna tana nishi tana waƙa, suna kwaikwayon Badancinta a benci...

Na naɗe ta a mayafin Inna, na sa can ƙasan kwalla, na danne murfi. Inda take ajiye 'yan kunnenta. Na ce iskar Bulutut ba ta shiga nan, bari a kawo wuta in sa ta a gida. Ba a kawo ba. Na zaci kamar tocila ce, ka kashe, batir ya huta. Ashe ko barci take tana ci. Wa ya gaya min? An gaya min. An gaya min.

Kuma ba iska kaɗai ba ce, kar in yi ƙarya ana ɗauka. Gwaggo Saratu na yin barcin azahar nake ciro ta. In kunna, in manna a kunne. Ina jira ko can ƙarshe, bayan dariyar, ta ambace ni. Na san babu. Nawa sunan ai a banza take watsa shi, safe da yamma, ke zo, ke tashi, ba wanda ya ga abin ɗauka. Ina ganin koren yana raguwa. Gobe, gobe zan kai.

Ɗazu Alamin ɗan maƙwabtanmu ya leƙo, wai motar ta iso Nguru, Yaya na tafe bayan la'asar. Na buɗe kwalla. Gilashin baƙi ƙirin. Ban san da takalmi na fita ko babu ba. Mudi ya jona ta, ta farka, har na ce Alhamdulillahi, sai wani ɗan gicciye ya fito. Taɓa nan. Taɓa nan. Kamar yau aka haife ta. Mudi ya shiga nan, ya shiga can, babu komai. Ya miƙo min ita. Bai ko yi min tsiya ba. "Da kin bari..." Bai ƙarasa ba.

Kowa cewa yake muryarmu ɗaya da Inna. In na yi magana daga madafa Gwaggo har zabura take. To da zan... Waƙar ban iya ba, ban koyi Badanci ba, dariya nake mata in tana yi. Amma wannan maganar ai da Hausa ce. Gajera ce. Shi kuma nan wurin kawai yake ji.

Bari in gwada.

Munzali, ɗauke min...

A'a. A'a. Ita kafin ta faɗa sai da ta tsaya, ta ja numfashi kamar mai shiga ruwan sanyi. Shekara talatin a cikin tsayawar nan. Ni ba ni da ita. Zai gane. Shi ya haddace ta.

Jan ɗigon bai daina ba. Wayyo... ai duk wannan ya shiga. Ba wani aljihu zai faɗa ba, nan zai zauna, inda Inna take. Gobe ya idar da salla ya danna, ni zai ji. Kuma yadda ake gogewa ban iya ba, bai taɓa nuna min...

Babur. A'a, wucewa zai yi. Ya tsaya.

Gwaggo na cewa lale, lale, mutanen Legas. Takalminsa ne, yana jan ƙafar hagu, ya nufo nan, ina zan sa...