Namu Ya Halarta

Ni ne na ɗaya a ajinmu shekara shida cur, Alkasum kuwa yana bayana yana leƙen allona. Duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Agadas a zamaninmu ya san haka, ku je ku tambaya. Amma da aka samu 'yancin kai, aka ce a ba da mutum ya tafi Yamai ya zauna majalisa, sai manyan gari suka tsallake ni, Mushe Seydou, suka ɗauki Alkasum ɗan mai albasa. Wai shi mai haƙuri ne, ni kuwa bakina ya yi yawa. To don Allah, majalisa ba wurin baki ba ce? Shi ya zama depite, ɗan majalisa, ni na ci gaba da zama mushe, wato malamin lakwal, ina share majinar 'ya'yan mutane.

Ba zan ɓoye muku ba, hassada ta ci ni har ƙashi.

Ana gobe zai tafi ya zo gidana da hantsi, ya zauna bakin tabarma yana murza hula.

"Seydou, in na je me zan ce musu?"

Na ce, "Rijiyoyi. Ka ce a haƙa rijiyoyi a hanyar ayarin Bilma. Ka ce musu kowane gida a ƙasar nan yana cin gishirin Bilma, amma ba wanda ya taɓa tambaya ko masu ɗauko shi sun sha ruwa."

Ba da wasa na faɗa ba. Yayana Illiya a wannan hanyar ƙishirwa ta kashe shi, shi da raƙuma tara. Alkasum ya rubuta maganar a ɗan littafinsa, ya yi mini godiya ya tafi.

A lokacin, jarida ranar Alhamis take iso mana a kamiyon Damagaram, babbar motar kaya. Bayan la'asar sai a taru a rumfar Baba Bahago mai sirdin raƙumi, madugai da 'yan kasuwa da dattawan unguwa, ni in karanta Faransancin in juya musu da Hausa. Ma'aikatan biro, wato ofishin gwamnati, ba sa zama da mu, radiyo kuwa maganar ministoci kaɗai take kawowa. Abin da na ce an faɗa a Yamai, shi aka faɗa. Kullum kuma tambayar Baba Bahago ɗaya ce: "Mushe, namu me ya ce?"

Wata na uku sai ga jawabin Alkasum, rabin shafi guda. Na karanta musu tsaf, har na iso kan maganar gishiri da ruwa, kalma bayan kalma yadda ta fito daga bakina. Rumfa ta kaure da kabbara.

Baba Bahago ya ce, "Kai, ɗan halak! Ashe haka kan yaron nan yake?"

Na ce, "Baba, ai ni na ba shi maganar."

Wayyo, da na sani da na yi shiru. Suka tuntsure da dariya, wani madugu har da riƙe ciki. "Haba Mushe, har wannan ma kai ne?" Na naɗe jaridata na tafi gida.

Da jawabi na biyu ya zo, na dube shi na dube su. Baba Bahago ya yi tambayarsa. Sai na ji bakina ya ce, "Namu ya halarta." Na juya shafi na shiga labarin gyaɗa.

Shi ke nan fa. Alkasum ya tashi a kan rijiyoyi, namu ya halarta. Ya ja da minista a kan a kai likita garuruwan yankinmu na Ayar, namu ya halarta. Ya koma kan rijiyoyi har shugaban majalisa ya buga masa tebur, namu ya halarta. A gida nakan karanta jawabin ni kaɗai, in ga yana ƙara gogewa, Faransancinsa yana miƙewa. Wannan fa shi ne wanda ba ya iya haɗa jimla sai ya leƙi tawa! Kafin shekara biyu sunan ya bi shi, har mata a bakin rijiya Ya-Halarta suke ce masa.

In ya zo hutu ya ce ya yi magana, sai a ce to, Allah ya ƙara ƙoƙari. Shi kuma ba mai musu ba ne. Cewa yake, "Ku tambayi Seydou, shi ke karanta muku." In an tambaye ni sai in taɓe baki in ce, "Eh to, yana iyakar yinsa." Bai taɓa zaman karatun Alhamis ba, don in majalisa tana hutu ba abin da jarida ke kawowa a kanta. Kuma duk zuwa sai ya kawo mini tsarabar shayi da sukari, ni kuwa in karɓa in sha.

Shekara ta biyar jam'iyya ta turo wakili ya ji ra'ayin manyan gari, a mai da Alkasum ko a sauya shi. Aka zauna a rumfar. Baba Bahago ya ce, "Yaron kirki ne, amma mun aika baki sai muka samu kunne. Sau ɗaya ya yi magana, tun daga nan ya yi gum." Wakilin ya juyo wurina.

"Mushe, kai fa?"

Na san a makon nan ma Alkasum ya rubuto mini cewa saura kaɗan maganar rijiyoyi ta shiga tsarin aikin gwamnati, in dai ya koma. Illiya ya faɗo mini a rai. Wallahi ya faɗo mini. Amma dariyar nan ta madugu ita ma ta faɗo.

Na ce, "Ni abin da dattawa suka ce ban da ja."

Aka cire sunansa, aka sa wani ɗan kasuwa da bai taɓa taka hanyar Bilma ba.

Alkasum ya dawo ranar wata Alhamis, a cikin kamiyon da ya kawo jarida. Bai ko wuce gida ba, ya zo rumfa da ƙurar hanya a rawaninsa, ya gaida dattawa, suka amsa masa sama-sama. Ya zauna kusa da ni ya miƙo mini jaridar da hannunsa.

"Karanta musu, abokina. Jawabina na ban kwana ne. Akwai abin da na ajiye maka a ciki."

Ina dubawa idona ya faɗa kan sunana. Seydou, baƙi a kan fari, a jaridar ƙasa! Ban tsaya duba sauran ba, na gyara murya na fara juyawa da ƙarfi don na bayan rumfa ma su ji:

"Maganar gishiri da ruwa da kuka san ni da ita ba tawa ba ce. Ta abokina ce, Mushe Seydou na Agadas, wanda ya fi ni ilimi tun muna yara, wanda yayansa ya mutu a wannan hanya. Shi ya cancanci kujerar nan."

Na ɗaga kai na dubi madugun nan mai dariya. Daɗi kamar ya kashe ni. Na koma kan takarda, sai na ga layin da ke biye. Da ni kaɗai ne mai Faransanci a wurin da na tsallake shi, amma ga Alkasum a kafaɗata yana bin layin da ido, yana murmushi. Na karanta.

"Wannan shi ne karo na goma sha biyu da nake roƙon rijiyoyin nan a gabanku."

Baba Bahago ya ajiye basillarsa a kan fata. Ya ƙirga a yatsunsa, a hankali, kowa yana kallo.

"Mun ji na fari. Ga na yau. Mushe, ina goman da ke tsakani?"

Alkasum ya dubi dattawa, ya dube ni, murmushin yana barin fuskarsa kaɗan-kaɗan. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai kawai ya zare jaridar daga hannuna, ya ce, "Seydou, har da Illiya?"

Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi gida.

An ambaci sunana a majalisar ƙasa, wannan kam ba mai ƙwace mini shi. Rijiyoyin ba a sake tada maganarsu ba. Alhamis ta gaba na zo rumfa da jarida a hammata, Baba Bahago bai ɗago daga ɗinkinsa ba, ya ce, "Mushe ya halarta."