Manhajar Awaisu Mai Ba da Haƙuri

Mako uku cur Awaisu ya yi yana zaɓen manhajar kalanda da zai sa a wayarsa. Matarsa Ruƙayyatu tana kallonsa daga bakin murhu, tana cewa a ranta ko saurayin da ya zo neman 'yarsu bai sha rabin wannan binciken ba.

Da can malamin gona ne a Karaye, mai tsohon babur da ɗan littafi a aljihu, kowa nasa. Sai wata ƙungiya mai raba irin shuka ta ɗauke shi aiki, aka ba shi kwamfuta, aka kai shi bita Kano sau biyu. Shi ke nan, kai ya kumbura. Ya dawo yana cewa abin da ya hana mutanenmu ci gaba shi ne rashin sanin darajar lokaci. Kalandar bango da mai shagon taki ya ba su, wadda Ruƙayyatu ke yi wa ɗigo ranar suna ko ranar biki, ya cire ta ya ce tarkace ce. Ita kuwa ta ɗauke abarta ta rataye a ɗakinta.

Manhaja ta farko ya ce talla ta yi mata yawa. Ta biyu shan data gare ta. Ta uku ce Ruƙayyatu ta so, don tana nuna kwanan watan Musulunci a ƙarƙashin na Bature, mutum ya san azumi ya doso. Awaisu ya taɓe baki ya ce wannan ta 'yan ƙauye ce, shi da aka yanke wa cibiya a ƙauyen Kwanyawa. Ta huɗu kuwa, da ya samo ta, har tsakar gida ya fito da ita yana washe baki.

"Ruƙayya, kin ga wannan? Ita ce ta manya. Duk mai son ganina ya shiga ya nemi lokaci. In ranar fara ce, ta karɓa. In ja ce, ita da kanta za ta ba shi haƙuri, ta kuma toshe kira, ba sai na ɓata yawuna ba."

"Har da ni, Malam?"

"Har da ke mana. Aiki da gida duk wuri ɗaya, tsari ke nan."

Ta ja tsaki ta ci gaba da tuƙa tuwonta. Shekara ashirin da huɗu suna tare, 'ya'ya biyar a tsakani, wai yau sai ta yi wa waya sallama kafin ta ga mijinta. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Da abin ya tsaya a kanta, da sauƙi. Amma ga maganar 'yarsu Munawwara. Yarinyar ta gama makarantar koyon aikin lafiya, sun daidaita da Suhaibu, malamin firamare daga Jajaye a ƙasar Rogo. Awaisu ya amince tuni, ya kuma miƙa waliccin ga yayansa Malam Falalu na Kwanyawa kamar yadda aka saba, ya ce, "'Yarka ce, Yaya, abin da ka yanke shi ne." Sa rana kaɗai ya rage. Sau biyu manyan Suhaibu suna shirya zuwa, sau biyu Awaisu yana sa yatsa ya ja ranar gaba, kamar dattawan mutane wake ne a faifai. Saƙo ya iso cewa in aka sake ɗagawa karo na uku, sun gane ba a son su, za su haƙura. Munawwara ta daina cin abincin kirki, Ruƙayyatu kuwa tsoro ya kama ta da gaske.

Malam Falalu da kansa ya hawo babur daga Kwanyawa, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa. Ruƙayyatu ta kai masa ruwa zaure, ta tsaya a bayan ƙofa tana ji. Ba a gama tambayar gajiya da mutanen gida ba Awaisu ya duba waya.

"Yaya, gaskiya ba ka cikin jadawalin yau. Amma zan iya ba ka minti goma."

"Minti goma," in ji Malam Falalu. "To, Allah ya amfana. Mutanen Jajaye za su zo gidana ranar Asabar da hantsi. Ka zo."

"A sa a manhaja, zan duba."

Wayar ta yi ƙara, wai lokaci ya cika. Awaisu ya miƙe kafin yayansa ya miƙe. Kunya ta rufe Ruƙayyatu kamar ita ta yi. Dattijon ya shanye ruwansa ya laluba takalmansa. Wayarsa 'yar ƙarama ce mai tocila, ina ya ga wata manhaja?

Don haka ita ta sa. Ta zauna bakin gado ta rubuta: Asabar, Kwanyawa, sa ranar Munawwara. Ko ajiye wayar ba ta yi ba amsa ta dawo, da kalmomin da Awaisu ya tsara da hannunsa: "Awaisu ba shi da sarari a wannan rana. A yi haƙuri." Washegari ta sake, amsar ba ta canja ba. Ran Juma'a ta tare shi yana ɗaure igiyar takalmi.

"Malam, gobe fa Asabar. Maganar yarinyar nan."

"Kin sa?"

"Sau biyu. Ta ƙi."

"To kin gani, ja ce ke nan. Ina da bita a Kano. Su jira, na riga na ware wa bikin nan wuri bayan kaka."

Bitar kuwa ta koyon cike fom ce. Ruƙayyatu ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta rasa inda mutumin da ta aura ya shiga. Ta sa a karo na uku, don kada gobe a ce ba ta faɗa ba. Aka sake ba ta haƙuri.

Ran Asabar, gab da azahar, Malam Falalu ya kira ta.

"Ruƙayyatu, baƙin nan sun zo su tara, da sadaki a hannu. Sun tambayi uban yarinya, na rasa inda zan sa fuskata. Na kira shi sau huɗu, ba ya shiga. Liman yana nan, shaidu suna nan, an ce tun da an haɗu a ɗaura kawai, biki ya biyo baya. Ki tambayar mini yarinyar."

Ta leƙa ɗaki ta tambaya. Munawwara ta rufe fuska da mayafi, ta gyaɗa kai tana hawaye.

"Ta yarda, Yaya. Kai ne uba."

Kafin la'asar goro da alawa sun iso Karaye, aka raba gida gida. Ruƙayyatu ta ji daɗi har cikin ranta, amma daɗin da ɗaci a ƙarƙashinsa.

Awaisu ya dawo kafin magariba, da jakar bita a kafaɗa. Tun daga bakin layi ake ce masa Allah ya sanya alheri, yana amsawa, a zatonsa ƙarin girma aka ji an yi masa. Sai da ya shigo ya ga mata cike da tsakar gida.

"Ruƙayya, me ake yi?"

"An ɗaura auren Munawwara. Yau, a Kwanyawa."

Jakar ta zame daga kafaɗarsa. "Ba ni? Ni uban yarinya? Wa ya faɗa mini?"

"Ni, sau uku. Yaya kuma sau huɗu. Ya ce in gaya maka sun bi tsari, sun ga ranar ja ce, ba su so su dame ka ba."

Ya ciro wayar ya duba. Ga su nan a jere, haƙuri uku da ya ba kansa. Ya ɗaga kai wajen ɗakin Munawwara, labule a sake, ba ta fito ba. Matan da ke tsakar gida suka sunkuyar da kai.

Ruƙayyatu ta ɗauko faranti, saura goro biyu da alawa ɗaya a ciki, ta miƙa masa.

"Ungo, Malam. Kowa a layin nan ya samu nasa, kai kaɗai ka rage."